Dawakai Biyun da Suka Tsaya a Hawan Kibo: Gyaran Kafireton Wani Tsohon Injin Jirgi a Jos

Ni bakaniken ƙananan injina ne. Janareto, injin ban-ruwa na masu lambu, injin markaɗe, wani lokaci har babur idan kasuwa ta yi sanyi. Na daɗe ina wannan sana'a a Jos, amma a tsawon shekarun nan injin jirgin ruwa uku kacal suka taɓa shigowa shagona. Ba abin mamaki ba ne, don garinmu garin duwatsu ne, babu kogin da jirgi zai bi. Ruwa mai faɗin da muke da shi, in ka cire madatsun ruwan sha, ramukan kuza ne da kamfanonin Turawa suka haƙa tun farkon ƙarni na 20, suka tafi suka bar su a buɗe, damina ta cika su. Tun da farashin kuza ya faɗi warwas a kasuwar duniya a 1985, ramukan suka koma hannun masu noman rani da masunta 'yan ƙalilan, da kuma yara masu ƙaurin kunne da ke zuwa iyo iyaye na faɗa.

Na ukun nan shi ya fi ba ni wahala, kuma rabin wahalar ni na jawo wa kaina.

Injin da mai shi

Mai injin wani dattijo ne Basarke, mutumin Yawuri, wanda zama ya kawo shi Jos tun yana saurayi. Yana da jirgin katako a wani babban ramin kuza da ke bayan Bukuru. Da asuba ya duba kallinsa na kamun kifi, da hantsi ya tsallakar wa masu lambu kabeji da karas da latas zuwa gefen da mota take iya shiga, ranar Sallah kuma ya zaga da yara a ba shi abin da ya samu. Duk da filafili yake wannan aiki, har kafaɗa ta fara ƙi.

Injin na yayansa ne da ke Yawuri. Yamaha ne mai doki 15, silinda biyu, irin wanda ake gauraya masa fetur da baƙin mai a tanki ɗaya. Ya yi shekaru yana jigila a ruwan Kainji. Da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, sai yayan ya jingine injin a zaure da sauran mai a cikinsa, ya ce sai abin ya lafa. Abin bai lafa ba, shi kuma Allah Ya yi masa rasuwa. Da aka raba gado injin ya faɗo wa ƙanin, aka naɗe shi a buhu aka ɗora a mota, ta Abuja da Akwanga, aka haura tudun nan na Hawan Kibo, har Jos. Ya fi shekara ɗaya da rabi ba a tayar da shi ba.

Ranar da ya kawo shi a Keke Napep, cikin hunturu ne, ya zauna a benci ya lissafo min ciwon ɗaya bayan ɗaya. Ba ya tashi sai an ja igiya kamar sau ashirin. In ya tashi, sai da cok yake zama, wato abin nan da ake ja ya rage iska don inji ya zuƙi mai da yawa, kana mayar da cok ya mutu. In ka yi dabara ka murɗa totur ka tsallake wannan wurin, sai ya tafi, amma da ka kai ƙarshen totur sai ya riƙa burburwa kamar mai kurkurar baki, hayaƙi ya turnuƙe, mai ya riƙa yawo a kan ruwa a bayan jirgi. Fetur kuma kamar ana tsiyayar da shi.

"Shekaranjiya a tsakiyar ruwa ya mace min, ɗana, da buhu shida da mata biyu a ciki. Ka san ramin nan gora ba ta taɓa ƙasa."

Na sani. Ramin kuza ba kogi ba ne da za ka ce iska ta kai ka gaɓa mai yashi. Bakinsa a tsaye yake kamar rijiya.

Na ce, "Baba, ku bar min shi kwana uku." Sai da ya yi mako biyar.

Kafin a taɓa kafireto

Kowa ya kawo inji cewa yake yi kafireto ne, kuma kanikawa da yawa sukan bi bakin mai kaya su kwance abin da lafiyarsa ƙalau. Don haka na fara da sauran wurare. Na cire fulogi biyun, baƙi ƙirin, jiƙe da mai. Na gwada wuta, shuɗiya ce mai ƙara a duka biyun. Na sa geji na auna matsin silinda, duka sun haura 100, kuma tazarar da ke tsakaninsu ba ta taka kara ta karya ba. Wannan ya kwantar min da hankali, don in zoben fistin ya mutu, ko ka wanke kafireto da ruwan zamzam ba zai yi silo ba, wato ba zai zauna yana juyi a hankali ba tare da an murɗa totur ba.

Tanki kuwa abin tausayi. Na juye abin da ke ciki a kwalba, ya kwanta, sai ga ruwa a ƙasa ya kai kaurin yatsa biyu, ga tsatsa. Tiyon mai ya bushe ya tsattsage, ɗan famfon roba da ake matsawa da hannu ya yi tauri kamar ƙwallon goruba. Waɗannan na ce a sake su, ba gardama. Na tambaye shi yadda yake haɗa mai, ya ce da ido, kuma baƙin man mota yake zubawa kamar yadda ya ga ana yi a gida. Na rubuta masa a bangon shago da gawayi: 50 da 1. Jarka mai lita 25, rabin lita na mai. Kuma man injin jirgi ake nema, wanda aka rubuta TC-W3 a jikin robarsa, don shi aka yi domin injin da ruwa ke sanyaya shi, ba ya barin toka a kan fulogi kamar na mota.

Sannan na cire kafireton.

Abin da na tarar a ciki

Ga wanda bai taɓa buɗe shi ba, kafireto ba wani abin tsoro ba ne. Ka tuna famfon feshin maganin sauro irin na da, mai gwangwani a ƙasa. Kana tura iska ta wuce bakin ɗan bututu da gudu, sai ta zuƙo maganin daga gwangwani ta watsa shi. Haka nan yake. Iskar da inji ke ja tana bi ta maƙogwaro mai ƙunci, ta ƙara gudu, ta zuƙo fetur daga kofin da ke ƙasa. A cikin kofin akwai fulot da allura, suna aiki kamar ƙwallon tankin ruwa na saman gida: mai ya cika, fulot ya taso ya tura allura ta toshe hanya. Fetur ɗin kuma ba ya fita haka kawai, sai ta wasu 'yan ƙananan sukurori na tagulla masu huda a tsakiya, waɗanda muke kira jet. Akwai ƙarami na silo, wanda hudarsa ba ta kai rabin milimita ba, shi ke ciyar da inji lokacin da totur yake rufe. Akwai babba, mai huda wajen milimita ɗaya, shi ke aiki idan an buɗe wuta. Duk lissafin injin a kan faɗin waɗannan hudoji biyu yake.

Kafin na kwance komai na ɗauki hoto da waya ta kowane gefe, don sandunan cok da na totur suna da saurin rikita mutum. Sukurun daidaita silo kuma na murɗa shi ciki a hankali ina ƙirga zagaye har ya zauna, na rubuta adadin, sannan na fitar da shi. A hankali nake nufi. Bakinsa siriri ne, ka matsa da ƙarfi ka ɓata mazauninsa, shi ke nan. Wani abin da yaran shago ba sa ji: sukurorin Japan masu kan gicciye ba daidai suke da sukudireban da muke saye a kasuwa ba, sun yi kama ne kawai. In ba ka danna sosai ba, sai ka cinye kan. Biyu daga cikin na kofin an riga an cinye su tun a Yawuri, da filaya na fitar da su.

Ina buɗe kofin wari ya buge ni, irin na tsohon fenti. Fetur in ya daɗe a ajiye, ɓangarensa mai sauƙi yana bin iska, ya bar wani abu mai danƙo ja-ja kamar ƙaro. Shi ne ya lulluɓe ƙasan kofin. A gefe kuma ga farin gari kamar kanwa, wanda ruwa ke jawowa idan ya kwana a kan alminiyam. Na ciro jet ɗin silo na ɗaga shi sama, ko ɗigon haske babu. A toshe yake ruf. Nan na ce alhamdu lillahi, ga dalilin da ya sa sai da cok yake zama: hanyar abincinsa ta silo a rufe take, cok ne ke tilasta masa zuƙo mai ta wata hanya.

Allurar fulot ta yi zobe a bakinta saboda daɗewa, ba ta rufewa sosai. Fulot ɗin kansa na jijjiga shi a kunne, ba motsin mai a ciki, lafiya lau. A wannan injin famfon mai a jikin kafireton yake manne, na buɗe shi na tarar da fatar robar da ke bugawa ta bushe kamar ganda.

Babban jet kuwa, na ɗaga shi, haske ya ratso fes. Na ce wannan ba ruwansa, na jefa shi cikin tasa tare da sauran. Sauri ya haifi nawa.

Wanki ya ci yini guda. Duk wani abu na roba na ware shi gefe, don maganin wanke kafireto yana kumbura roba. Ƙarafan na jiƙa su, na bi kowace hanya da feshi ina duba ta inda zai fito, musamman 'yan hudojin nan da ke bangon maƙogwaro kusa da faifan totur, waɗanda in ba ka san da su ba ba za ka gan su ba. Na aiki yaro wurin mai faci ya busa su da iska. Jet ɗin silo ya ƙi buɗewa da feshi kaɗai. Yarona ya miƙo min silin wayar birki, na buge masa hannu. Ƙarfe ya fi tagulla ƙarfi, duk shigar da zai yi sai ya ɗebi wani abu. Dattijon yana zaune, ya laluba aljihu ya ba ni guntun zaren fatsa na roba, da shi na samu hanyar ta buɗe.

Neman kaya

A Dilimi za ka samu kayan kusan kowace mota, amma ka ce kayan injin jirgi sai a dube ka kamar ka tambayi raƙumi a kasuwar kifi. Dole aka yi waya garuruwan bakin ruwa. Wani ya ce yana da shi, ya ba direba, bayan kwana huɗu ya iso. Kwalin ya yi kyau, farashin ya yi daɗi fiye da kima. Ina da wata al'ada: duk robar da ban yarda da ita ba, sai na jefa ta cikin fetur ta kwana. Da safe fakin kofin, wato robar da ke hana shi yoyo, ya kumbura ya yi laushi, ya fi ramin da zai zauna girma. Araha ba ta ado. Da na ɗaura shi, da bayan mako biyu fetur yana ɗiga a cikin murfin inji, kusa da wayoyin wuta, a tsakiyar ruwa.

Muka sake aikawa wani wuri, kuɗin ya kusa ninka na farko uku, aka ƙara kwana tara. Dattijon bai ce komai ba, sai dai kullum ya biyo da yamma ya gaishe ni, ya dubi injin a jingine, ya tafi. Wannan ya fi faɗa ciwo.

Da kayan kirki suka zo na sa sabuwar allura da fakin da fatar famfo. Na kifa kafireton na duba zaman fulot, na busa ta bakin shigar mai: a kife iska ba ta wucewa, a daidai tana wucewa. Na mayar da sukurun silo adadin da na rubuta. Muka cika duro da ruwa muka rataya injin a ciki, don injin jirgi ba a tayar da shi a busashe ko na minti ɗaya, robar famfon ruwansa za ta ƙone. Ja na uku ya tashi. Na mayar da cok, ya zauna. Yaran makwabta har da tafi.

A duro ba a iya buɗe wuta duka, ruwan zai watse ne kawai. Kuma silo ma ba a gama daidaita shi a nan, domin hayaƙin injin ta ƙarƙashin ruwa yake fita, nauyin ruwan da ke danne shi yana canza yadda yake numfashi. Sai a kan jirgi, cikin giya. Don haka ranar Asabar muka tafi bakin rami.

A kan ruwa

Sanyin safiyar nan ba a magana, hazo ya rufe ɗaya gaɓar. Na bar injin ya yi zafi, na sa giya, na murɗa sukurun silo ciki har ya fara tari, na dawo da shi waje har ya fara nauyi, na tsaya a tsakani. Ya riƙa tafiya a hankali kamar agogo. Dattijon ya yi murmushi, ya karɓi hannun totur, ya buɗe.

Burburwar nan tana nan yadda take. Hayaƙi, nauyi, jirgi ya ƙi ɗaga kai.

Kunya ta kama ni, amma na ce ya riƙe a haka. Inji in ya ƙi gudu, ko mai ya yi masa kaɗan ko ya yi masa yawa, kuma mutane sun fi zargin na farko. Akwai hanya mai sauƙi ta rarrabewa. Na kama tiyon mai na lanƙwasa shi, na hana fetur wucewa. Bayan 'yan daƙiƙu, da man da ke kofi ya fara ja baya, sai muryar injin ta washe, ya zabura, jirgin ya yi gaba har dattijon ya dafe gefe. Sannan ya fara neman mutuwa, na saki tiyo, burburwa ta dawo. Injin da ka rage wa mai ya ƙara gudu ba yunwa yake ji ba, shaƙe shi ake yi. Muka kashe shi nan take na cire fulogi: sababbi ne, amma sun yi baƙi ƙirin.

Wato ciwo biyu ne masu kishiyar juna a kafireto ɗaya. A silo yunwa, a gudu ƙoshi har wuya. Na warkar da na farko na ɗauka na gama.

Abin da ya fara zuwa raina shi ne tudu. Mu da muke gyaran janareto a Jos mun san wanda aka saya a Legas in ya zo nan yakan ɗan ƙara hayaƙi. Ruwan Kainji bai kai mita 150 daga doron teku ba, Jos kuwa tana wajen mita 1,200. A wannan tsayi matsin iska ya ragu da kusan kashi 12 cikin 100. Kafireto ba ya auna nauyin iska, gudunta kawai yake ji, don haka iskar ta yi sauƙi amma fetur ɗin da ake zuƙowa bai ragu daidai da ita ba. In ka yi lissafin, haɗin yakan ƙara nauyin mai da wajen kashi 6. Na zauna a bakin jirgi ina juya wannan a kai. Kashi 6 zai sa fulogi ya ɗan yi duhu, zai ƙara shan mai kaɗan. Ba zai sa inji ya riƙa kurkurar baki haka ba. Tudu yana da hannu, amma ba shi kaɗai ba ne.

Na tambayi dattijon ko ya san wanda ke taɓa injin a gida. Ya ce ɗan yayansa ne, yaro mai hannu. "Ko a tsakiyar ruwa ya yi tari, sai ya buɗe ƙasan nan, ya sa waya ya zungura, ya rufe, a ci gaba. Kullum da 'yar wayarsa a hula."

Na ce, "Baba, shekara nawa yana haka?"

"Ai tun yana ƙarami."

Da muka koma shago na ciro babban jet ɗin, na aro gilashin mai gyaran waya na duba. Hudar ba zagayayya ba ce, ta yi kamar ƙwai, bangonta duk ƙarce. Lambar da aka buga a jikinsa tana nan, amma hudar ta daɗe da barin wannan lambar. Garin neman ƙiba an samo rama. Kuma abin da ke yaudarar mutum shi ne ido ba ya ganin bambancin. Huda in faɗinta ya ƙaru da kashi 10 kacal, filin da mai zai bi ya ƙaru da kashi 21, don filin da'ira da ninkin faɗi yake tafiya. Kashi 10 na milimita ɗaya kuwa kaurin gashin kai ne, ko ya ɗara kaɗan.

A Yawuri, inda iska ke da nauyi kuma jirgi kullum cike da kaya, injin ya riƙa haɗiye wannan ƙarin yana tafiya, sai dai a ce yana shan mai. Da ya hau tudu aka ƙara masa kashi 6 a kan wancan, sai ya kasa.

Jet ba ya zuwa a cikin kwalin kayan gyara, daban ake sayensa. Aka sake waya, aka sake jira. Da ya iso na so in tabbatar wa kaina, ba don kowa ba. Na samu sirinji na cire abin turawa, na ɗaura jet a bakinsa da guntun tiyo, na zuba fetur mililita 20 na kama agogo. Sabon ya tsiyaye a sakan 40. Tsohon, mai lamba iri ɗaya, a sakan 33. Na maimaita sau uku, bai canza ba.

Gardamar ƙaramin jet

Yarona, wanda kansa ke ja, ya ce, "Oga, tunda kun ce iskar Jos ba ta da nauyi, me zai hana mu sa wanda ya fi wannan ƙanƙanta? Ai sai ya fi gudu, ya rage shan mai."

Maganarsa tana kan hanya, kuma a wurare masu tsayi sosai haka ake yi. Amma na ƙi, kuma har yau ina ganin daidai na yi. Wannan injin ba shi da wani wurin ajiyar baƙin mai. Man da ke shafa fistin da ƙarafan cikinsa a cikin fetur yake tafiya, fetur ɗin kuma yana taimakawa wajen sanyaya shi. Ka rage fetur, ka rage mai, ka ƙara zafi. Injin da mai ya ɗan yi wa yawa, abin da zai ci maka fulogi ne. Wanda mai ya yi wa kaɗan, muryarsa za ta yi daɗi ƙwarai, ya yi gudu kamar ba gobe, sannan fistin ya kama bango ko ya huje. Ga sanyin hunturu da ke ƙara wa iskar Jos nauyi da safe, yana mayar da wani abu daga abin da tudu ya ɗauke. Ga shi kuma kayan gado ne. Ba ni da tabbacin wata rana ba za a sake naɗe shi a buhu a mayar Yawuri ba, kuma babu wanda zai tuna ya ce wani bakanike a Jos ya rage jet. A can ƙasa, da ƙaramin jet da jirgi cike da buhunan shinkafa, ba zai yi mako ba.

Na ɗaura na asali, mai lambar da masu injin suka sa.

Asabar ta biyu muka koma. Ya tashi a ja na biyu da cok, ya zauna ba cok. Dattijon ya buɗe wuta, muryar ta tafi sumul har ƙarshe, hayaƙin ya koma siriri mai shuɗi-shuɗi. Muka yi zagaye uku, na kashe shi yana cikin gudu na duba fulogi, ya yi launin soyayyiyar gyaɗa, ya ɗan fi duhu kaɗan. Haka nake so.

Shi kuwa bai gamsu duka ba. Ya karkata kai yana saurare, ya ce, "Ya yi kyau, ɗana, Allah Ya yi albarka. Amma na san injin nan a hannun yaya. Ya fi haka ƙarfi."

Gaskiyarsa. Inji irin wannan yana rasa wajen kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a duk hawan mita 300, don ƙarfi daga iska yake zuwa kamar yadda yake zuwa daga mai. Daga Yawuri zuwa nan, doki 15 ya koma wajen 13, kuma babu sukurun da zan murɗa ya dawo da su. Na ce masa, "Baba, dawakinku goma sha biyar ne suka taso daga gida. Biyu sun gaji a Hawan Kibo, suna can suna kiwo. Ranar da kuka sauka za ku tarar da su."

Ya yi dariya har da tari. Na gaya masa in yana so injin ya riƙa juyawa da sauƙi da kaya masu nauyi, akwai farfela mai ƙaramin kamu da za a iya sa masa. Ya ce ramin duka nawa yake, a bar shi haka.

Kafin mu rabu na nuna masa abu biyu. In zai ajiye injin fiye da mako biyu, ya cire tiyon mai yana cikin ruwa ya bar shi ya shanye na kofi, sannan ya kwance ɗan sukurun da ke ƙasan kofin ya tsiyaye ragowar. Kuma ya riƙa tace fetur kafin ya zuba, tunda a galan yake saye a bakin hanya. Ya nemi in ba shi tsohon jet ɗin, ya ce zai aika wa ɗan yayansa. Na ƙulle masa a leda.

Bayan wata biyu aiki ya kai ni wajen, wani mai lambu injin ban-ruwansa ya ƙi ja. Na hango jirgin yana tahowa da buhunan kabeji, na tsaya har ya iso. Ya ce tun ranar bai mace masa ba, kuma jarkar da take yi masa kwana huɗu yanzu tana kaiwa biyar. Na buɗe murfi, ba ɗigon mai, fulogi yadda na bar shi. Abin da bai yi min ba shi ne ruwan da injin ke tsartowa ta baya, wanda ke nuna famfon sanyaya shi yana aiki. Ya yi rauni, yana yankewa. Robar famfon ita ma ta yi wancan dogon zama a zaure, kuma ban taɓa ta ba. Na ce ya kawo shi a sake ta kafin zafin Maris ya shigo.

Ya ce in sha Allahu, da zarar masu kabeji sun biya shi.